Baba Ya Haramta wa Kansa Tukunyar Gidan Yayana

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure. Admin, ina roƙon a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma ba na ainihi ba ne. Don Allah shawararku nake nema, amma a daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke wa kowa hukunci.

Mutum huɗu ne a cikin maganar, ban da ni. Baba, mahaifinmu, manomi ne daga wani ƙauye kusa da Konduga, ya haura shekara saba'in. Yaya Modu shi ne babban ɗansa, yana fataucin shanu a nan Maiduguri, gidansa na Bolori, kuma shi ya ɗauki nauyin karatuna har na gama jami'a. Ya Falmata matarsa ce, girkin gidan a hannunta yake. Goggo Yagana ƙanwar Baba ce, tana zaune wurin 'yarta a bayan layinmu, amma kusan kullum a gidanmu take wuni. Ni ne auta, mahaifiyarmu ta rasu tun kafin rikicin nan.

Lokacin da 'yan bindigar nan da muke kira yaran daji suka shiga ƙauyenmu, Baba ya fito da rigar jikinsa kawai, shanunsa kuma aka kora su a kan idonsa. Yaya ya sauke shi a ɗakin zaure, ya riƙe shi riƙon da babu wanda zai kushe. Da zan tafi hidimar ƙasa na bar shi lafiya lau, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana tufkar igiya a ƙofar gida don kada hannunsa ya zauna banza. Da na dawo sai na tarar da wani mutum daban. Fatar bayan hannuwansa da ta saman ƙafafunsa ta yi baƙi ƙirin, ta yi kaushi, tana ɓarewa kamar ta wanda ya ƙone, hagu da dama daidai wa daida. Baƙin ya kewaye wuyansa kamar an rataya masa wani abu. Harshensa ya yi ja wur, gefen bakinsa ya tsattsage, gudawa ta ƙi barinsa, da magariba kuma sai an riƙe masa hannu, don dundumi ya kama shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ruɗewa. Wata rana ya fita, wai za shi kai shanu mashaya, 'yan sintiri suka tsayar da shi a bakin titi, ya kasa faɗin unguwar da yake. Allah ya taimaka wani maƙwabcinmu ya zo wucewa ya shaida shi. Wanda ke zaune a garin nan ya san abin da ake nufi da baƙon mutum da ya kasa faɗin inda ya fito, ɗan leƙen asirin yaran daji ake ɗaukarsa.

Goggo ce ta fara cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu ne, wato sammu aka yi masa. Da na ce a bari likita ya gani, ta ce, "Kai da ka yi boko, a wane littafi ka ga cuta tana auna hannun hagu da na dama, sannan ta koma ta yi wa mutum abin wuya?" Hujjarta kuwa ba ƙarama ba ce. Ta lura Ya Falmata tana da wata 'yar ƙaramar tukunya da take ɗorawa a gefe, bayan ta sauke ta gida, kuma daga wannan tukunyar kaɗai ake zuba wa Baba. Ta tambaye ta dalili a gaban mutane, Ya Falmata ta sunkuyar da kai ta ce haka Baba ke so. Goggo ta ce ai mai hankali ake tambaya abin da yake so. Ni ma na sa ido, na kuwa gani. Idan Yaya yana gida takan jira ya fita kafin ta ɗora. Garin da take tuƙawa ba daga buhun gida take ɗiba ba, daga wani ƙullin da ke bayan ƙofar kicin ne. Zuciyata ta raya mini abubuwa da yawa a kanta, matar da ta shekara goma tana wanke mini kaya tana kirana Auta.

Na samu na kai Baba asibiti a ranar da Goggo ta tafi gaisuwar mutuwa. Likitan ya duba hannuwan, ya duba wuya da harshe, ya janye fatar idonsa ya ga ta yi fari, sannan ya tambaye ni abin da Baba ke ci. Na lissafa masa abincin gidanmu, shinkafa da wake, miyar gyaɗa, busasshen kifi, nama ranar Juma'a, madara idan an samu. Ya girgiza kai ya ce mai cin wannan ba ya zuwa masa da irin wannan fata. Ya yi mini bayani cewa cutar ta rashin bitamin B3 ce, ya faɗi sunanta da Turanci, ni dai ban san mata suna a Hausa ba. Ya ce tana kama wanda ya daɗe yana cin masara tsurarta, ba wake, ba gyaɗa, ba nama, ba kifi, ba madara. Wuraren da rana ke duka su suke fara baƙi, shi ya sa hagu da dama suke tafiya tare, daga nan sai ciki, daga ciki sai ƙwaƙwalwa, idan aka bar ta kuma tana kisa. Farin idon na ƙarancin jini ne, dundumin kuma na rashin bitamin A, domin irin wannan rashi ba ya zuwa shi kaɗai. Maganar da ba na mantawa ita ce, "Ba abin da aka ba shi ne ya kwantar da shi ba, abin da bai samu ba ne." Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce za su tashe shi, amma idan abincin bai canja ba, cutar za ta dawo.

Na fito da sabon zargi. Idan ba sammu ba ne, to horon yunwa ne, kuma mai tukunyar ita ce dai. Na tsare Ya Falmata a kicin, na ce ta buɗe mini tukunyar. Tuwon masara ne da miyar kuka, ba mai, ba daddawa, ba ko ƙashin kifi. Na faɗa mata maganganu masu zafi. Ba ta rama ba, hawaye kawai ta share da bakin zanenta ta ce, "Auta, ni amana aka ba ni. Kwanon da nake zuba masa daga tukunyar gida, masallaci nake aikawa da shi don kada yayanka ya gane. Sauran ka tambayi Baba."

Sai da ƙwayoyin suka fara aiki na samu tambayarsa. Wata safiya hankalinsa ya dawo sarai, ya kira ni da sunana, ya ce in tura ƙofa. Da Kanuri ya yi maganar, ga ma'anarta. Ya ce a Babbar Sallar da ba na nan, Yaya ya kawo jan sa mai farin goshi ya ɗaure a tsakar gida don layya. Baba ya fito ya shafa bayansa kamar yadda ya saba yi wa kowace dabba, sai ya ga kunnuwan. A ƙauyenmu kowane gida da irin yankan da yake yi wa kunnen shanunsa, namu tsaga biyu ne a kunnen hagu, da ɗan gutsure a bakin na dama. Ya ce da wuƙarsa ya yi wa wannan san yankan tun yana ɗan maraƙi. "Ya dube ni, na dube shi," in ji shi. Sa ne daga cikin waɗanda aka kora ranar da aka kashe maƙwabtanmu. Bai faɗa wa kowa abin da ya gani ba, ya ce cikinsa ne ba daɗi, bai ci naman ba. Daga ranar ya yi wa Allah alkawari ba zai ƙara sa wa bakinsa abin da aka saya da kuɗin shanun Yaya ba. Masarar da ake ɗan raba wa 'yan gudun hijira ita ya riƙe, kuɗin igiyarsa ke biyan niƙa da gishiri da kuka, ya kuma roƙi surukarsa ta dafa masa daban, ta rufa masa asiri. Da yake a al'adarmu ɗa ba ya zama a kan uba yana cin abinci, Yaya bai taɓa ganin cikin kwanon ba. Na tambaye shi me ya hana shi magana. Ya ce, "A garin nan? Idan na buɗe baki na haƙa wa ɗana kabari da hannuna."

Tun daga ranar ban ƙara kallon Yaya kamar da ba, kuma ban san ko ina zaluntarsa ba. Likita da kansa ya ce cutar tana sa mutum zargin na kusa da shi da ganin abin da babu shi, to ta yiwu labarin san ma daga ruɗewar ya fito. Amma Sallar ta riga cutar, ƙaramar tukunyar ma ta riga ta, Ya Falmata ta tabbatar mini washegarin layya aka fara ɗora ta. Na kuma tuna cewa a shekarun da abokan sana'arsa suka karye saboda an rufe hanyoyi, Yaya sai ƙara gaba ya yi, har ya sauya mota. A ɗaya gefen kuma, mutum ne da ba ya wasa da salla, ya ciyar da dangi da yawa da suka gudo, kuma a kasuwa ta hannun dillalai ake saye, dabba takan bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso. Na gwada shi da dabara, na ce ina jin ana cewa shanun sata na shigowa kasuwa, yaya suke ganewa? Ya yi dariya ya ce, "Malam mai digiri, saniya ba ta zuwa da takardar haihuwa." Daga nan ya ɗauki wayarsa ya fita. Na juya wannan dariyar a raina har na gaji. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, Yaya a garken Baba ya tashi, ya san yankan gidanmu fiye da ni. Ko bai duba kunnen ba, ko ya duba.

Yanzu ga inda muke. Ƙwayoyin farko sun ƙare, da na kawo na biyu Baba ya tambayi wanda ya biya. Ban iya yi masa ƙarya ba, na ce kuɗin Yaya ne, ya ture hannuna. Na sayo masa gyaɗa da wake da ɗan abin da ya rage mini na alawus ɗin hidimar ƙasa, ya ci, fatar har ta fara laushi, amma abin ya ƙare, aiki kuma ban samu ba. Duk abin da na kawo yanzu sai ya ce aljihuna aljihun Modu ne, kuma gaskiya ya faɗa. Hannuwansa sun daina iya tufka. Goggo ta kai ƙarar Ya Falmata wurin Yaya, ta ce ko dai ta bar gidan ko ita ta ɗauke ɗan'uwanta ta kai shi wurin wani mai magani a bayan gari, wanda aikinsa hayaƙi ne da hana marar lafiya nama da madara. Yaya ya daina cin girkin matarsa, ita kuma ta ƙi buɗe baki. Da na kawo bayanin likita, Goggo ta ce, "To madalla, ka ji da bakinka, yunwa take gana masa." Gaskiyar da zan faɗa rabi, Ya Falmata take sara. Wadda zan faɗa duka, Yaya take sara, domin maganar da ta shiga kunnen Goggo ta shiga unguwa, wanda aka ɗauka da zargin sayen kayan yaran daji kuwa, dawowarsa sai ikon Allah.

Don Allah ku faɗa mini, me zan yi Baba ya ci abinci? In sami Yaya mu biyu in faɗa masa komai, alhali ban san wane ne zai amsa mini ba, yayana ko mai dariyar nan? In yi wa Baba ƙarya, in ce wani bawan Allah ne ya ba shi sadaka, in ciyar da shi abin da ya haramta wa kansa? Malamai na cikin zauren nan, shin irin wannan alkawari yana da kaffara idan rai na cikin haɗari, kuma ta wace hanya zan kawo masa malami ba tare da na faɗi dalili ba? Masu aikin lafiya, akwai inda dattijo zai samu irin wannan magani da abinci mai gina jiki wanda ba zai bi ta hannun kowa a gidanmu ba? Kada a ce mini in yi haƙuri kawai, haƙurin Baba ne ya kawo mu nan.

Abin da muka rasa zuwa yau: gida ɗaya, gonaki biyu, shanu goma sha huɗu, maƙwabta uku. Jiya da la'asar kuma Baba ya dube ni da kyau, ya tambaye ni ɗan gidan wa ne ni.