Na ƙarasa rumfar kakana, shi kuma ya daina zama a cikinta

Gwaggo mai wannan fili,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke damuna in na faɗa wa ƙawayena dariya za su yi, domin ba rasuwa aka yi ba, ba kuma faɗa aka yi ba. Rumfa ce kawai. Amma ta hana ni sakat.

Bana na gama jami'a, fannin gine-gine na karanta. Na samu aiki a wani gari mai nisa, zan fara da zarar dogon hutun nan ya ƙare, kuma saura kaɗan. Shi ya sa na zo gidan kakannina, inda mu jikoki muke taruwa duk shekara idan an rufe makarantu. Ban ce shi ne hutuna na ƙarshe a nan ba, don ban tabbatar ba, amma an ce mini ma'aikaci ba ya samun irinsa.

Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Bai taɓa koyon aikin kafinta ba, kuma duk wanda ya ga aikinsa zai shaida. A bayan gida, tsakanin bishiyar lemo da igiyar shanya, akwai rumfar katako da ya fara tun ina aji biyu na firamare, ko aji uku, na tambayi mahaifiyata ita ma ba ta riƙe ba. Kowane hutu sai ya fito da akwatin kayan aikinsa, ya tara mu, kowane jika ya kafa falanki da hannunsa, ya shafa masa fentin da ransa ke so. Wani ya karkace, wani ya fi ɗan'uwansa tsawo, wani rabin ƙusoshinsa a lanƙwashe suke. Gefe guda kuwa har bana a buɗe yake. Kaka takan ce butocin shayi uku ta kashe a kan rumfar nan, kuma tsakanin ita da rumfar ba a san wadda za ta riga gamawa ba.

Ina so ki ga yadda ranakunmu suke a da. Ƙarar zarto ke tashinmu da safe, da ƙamshin garin katako. Kaka tana ba tukwanen shukokinta ruwa tana yi musu faɗa kamar 'ya'yanta. Yara suna rigimar wanda zai riƙe guduma. Kafin rana ta take, aiki ya tsaya, wata rana ma ba a buga abin kirki ba. Sai a shimfiɗa tabarma a cikin rumfar, kowa ya miƙe. Hasken rana yakan shigo ta tsakanin falankan, layi-layi, ya kwanta a kan ƙafafunmu, ƙura tana yawo a cikinsa a hankali kamar ba ta da wurin zuwa. Baba Tsoho ya ɗora rediyo a kan cikinsa, ya kama labarin da ba ya kai shi ƙarshe, don barci ke sace shi a tsakiya. Tantabarun maƙwabta suna kuka a kan kwano. Idan layin hasken ya hau kan butar shayi, sai ya farka da kansa, ya yanka mana kankana. Ina ƙarama nakan ɗauka lokaci ba ya wucewa a cikin rumfar nan, zagayawa kawai yake yi ya dawo.

To bana na lura gara ta cinye gindin ginshiƙi ɗaya. Na soka ƙusa da yatsa, ta shige ba gardama. Na gaya masa, ya yi dariya ya ce Sarauniyar Awo ta iso. Sunan da yake tsokanata da shi ke nan, don tun ina yarinya sai na gwada abu sau biyu kafin in yanka. Ya ce za a duba. Ba a duba ba. Hankalina bai kwanta ba, domin Auta, ƙaraminmu, a gindin wannan ginshiƙin yake barcin rana.

Ana nan sai kawuna ya kwashi tsofaffin da yaran suka tafi gaishe da ƙanwar Kaka, za su kwana biyu. Na ce kaina yana ciwo, na zauna, na kira kafinta. Wallahi niyyata ginshiƙin ne kawai. Amma da sabon ya tsaya a miƙe, sai karkatar sauran ta fito fili, idona ya kasa jurewa. A cire wannan, a cire wancan, kafin in ankara mun sauke tsofaffin falankan duka, mun jera sababbi ba ratar da allura za ta shiga, mun rufe gefen da ke buɗe, mun sa ƙofa, mun shafe ta da farin fenti. Na auna kowace kusurwa. Daidai take.

Da suka dawo Baba Tsoho ya zagaya ta, ya shafa, ya ce aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka, ya gode. Har sau uku ya gode mini. Kaka ta ja ni gefe ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa jin godiya uku a jere daga bakinsa ba, in shiga taitayina. 'Yan biyun kawuna suka yi ta kewaye suna neman shuɗin falankinsu. Auta ya tambaya ko gobe babu aiki ke nan.

Tun ranar bai zauna a ciki ba. Akwatin kayan aiki ya koma ƙarƙashin gado. Da rana yana falo a gaban fanka, yaran kuma kowa ya duƙufa a kan waya. Ni kaɗai nake shiga rumfar. Inuwa ce mai kyau, amma babu layin haske ko ɗaya. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Sai dai ya daina ce mini Sarauniyar Awo, da sunana na yanka yake kirana, kamar baƙuwa.

Tsofaffin falankan ban zubar ba. Na zare ƙusoshin, na jera su a bayan kicin bisa tsawonsu, na rufe da leda. Gwaggo, in rushe in mayar da ita yadda take? Ban ma tuna wurin kowanne ba. In ba shi haƙuri, alhali bai ce na yi laifi ba? Ko in yi shiru in tafi? Tsorona in bar shi a gaban fankar nan, baɗi kuma babu abin da zai tara masa yara.

Taki,
Jikar da ta wuce gona da iri


'Yata,

Ki fara da sauke rabin kayan da kika ɗora wa kanki. Maganar ginshiƙi kin yi daidai. Gara ba ta san zumunci ba, kuma "za a duba" ya rusa rufin gidaje da yawa. A nan kakanki ne ya yi sake, ko da ba zai faɗa ba.

Inda kika zarce shi ne sauran. Garin gyaran gira kin taɓa ido. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana barin gefe guda a buɗe ba mantuwa ya yi ba. Gefen nan shi ne gayyatarsa ta baɗi, shi ne amsar da yake ba kansa idan gida ya yi shiru bayan kun watse. Kin rufe shi da kyakkyawar niyya, shi ya sa ya rasa bakin yi miki faɗa, sai godiya.

Kada ki rushe. Yin haka sake yanke hukunci ne ke kaɗai a kan abin da yake nasa, kuskuren farko ke nan a sabuwar riga. Kada kuma ki tafi da shiru.

Ki same shi da safe, ki kai masa shayi da hannunki, ki ce kin yi gaggawa, ya yafe miki. A taƙaice. Ban da bayanin gara, ban da lissafin kusurwa. Sannan ki kai shi bayan kicin ki yaye ledar nan. Tsantseninki da ya jawo matsalar shi ne ya adana maganinta, don da wata ce da tuni ta sa an ƙone falankan. Ki kira yaran kowa ya nemo nasa.

Daga nan ki roƙe shi abu. Ki ce ɗakin da za ki kama a can ba shi da teburi, kina so shi da yaran su haɗa miki da waɗannan falankan. Ki kuma gaya masa gaskiya cewa rumfar ta yi duhu, ki tambaye shi inda ya kamata a huda taga don haske ya riƙa samun butar shayi. Shi zai nuna, shi zai riƙe zarto. Ke aikinki miƙa ƙusa. Tef ɗin awonki ya kwana a jaka, ko da kin ga ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo.

Wataƙila ba zai amsa a ranar ba, tsofaffi ma suna da jan aji. Ki bar wa Kaka sauran, ta fi ki sanin ƙofar shigarsa. In lokacin tafiyarki ya yi teburin bai ƙaru ba, to haka ake so. Ki ce za ki zo ɗauka baɗi, kuma ki zo, ko da hutun kwana kaɗan ne suka ba ki.

Allah ya sanya albarka a sabon aikinki, ya ja kwanan tsofaffin nan cikin lafiya. Ranar da kika ji ya leƙo daga bayan gida yana cewa ina Sarauniyar Awo ta shiga, ki san ya huce. Ki amsa da sauri, ki tafi hannu rabbana, ba tef ɗin awo.

Gwaggonki