Kwaɗon da Ya Zo Cikin Lalo

Asabar, 12 ga Shawwal, 1371. Jarwal, Makka.

Yau da hantsi matata Rabi'atu ta kwance ɗaurin lalon da ta saya wajen ƙanenta Dawuda, sai ga kwaɗo a tsakiyar ganyen. Ƙarami ne, ruwan toka mai ɗigon baƙi. Ta kurma ihu, na bar keken ɗinki na shigo da gudu ina zaton gobara ce.

Ba ni da shakka Dawuda ne ya sa shi. Shi yake zuwa gonakin Wadi Fatima, can bayan gari, saro ganye, shi yake ɗaurewa da hannunsa. Mutumin da ya miƙe a tsakiyar taron suna yana kwaikwayon yadda nake auna yadi, har da yadda nake lasar zare, jama'a suna dariya, babu abin da ba zai aikata ba. Tun daga ranar ban taka gidansa ba, ko da yake bango ɗaya ne tsakaninmu. Rabi'atu ta ce wasan ƙanen mata ne, haka ake yi a ƙasarsu. Ni a nan aka haife ni, kuma ba na wasa da mutuncina.

Na sa kwaɗon a kwano da ɗan ruwa. Gobe zai koma wa mai shi.

Lahadi, 13 ga Shawwal.

Na tare Dawuda yana ɗora wa jakinsa kaya, na ce ya karɓi abinsa. Ya leƙa kwanon ya ce, "Yaya Malam, ai gyara ce. Kowa albasa nake ba shi, kai na ba ka nama." Na ce ya mayar da shi inda ya ɗauko. Ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, abin da aka saya ba ya komawa." Ya kaɗa jakinsa.

Ga inda lamarin ya tsaya. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana kashe kwaɗo, ga shi kuma cikin Harami muke zaune. In na ajiye shi a titi, rana za ta gasa shi kafin azahar, kuma wannan kisa ne ko da ban ɗaga hannu ba. Babu tafki a Jarwal. Ba zan jefa shi inda jama'a ke ɗibar ruwan sha ba. Ashe an ɗaura mini rai a wuya ke nan, saboda wani ya yi dariya.

Talata, 15 ga Shawwal.

Na je wajen masu littattafai a Babus Salam, bakin Masallacin Harami. Babu wanda ya taɓa rubuta komai a kan kiwon kwaɗo, amma na sami ɗan littafi bugun Misra a kan kifin ado. Na karanta shi a tsanake, zan bi shi da ƙiyasi.

Na samo babbar kwalba mai faɗin baki wajen mai sayar da tsami, na wanke ta har warin ya fita. Na tsinto tsakuwa a gindin dutse, na dafa ta kamar yadda littafin ya ce, na shimfiɗa a ƙasa, na kafa dutse guda a tsakiya. Ruwa sai ya kwana kafin a zuba. Na ajiye kwalbar ƙarƙashin matakala kusa da randa, inda rana ba ta kaiwa. Sannan na ɗinka mata murfi da ƙyalle mai shara-shara, na yi masa zariya, don littafin ya ja kunne a kan ƙura da ƙwari.

Rabi'atu ta tsaya tana kallo. Ta ce ruwan da Abubakar saƙƙa, mai sayar mana da ruwa, yake hawo da shi a kafaɗa, wanda take lallaɓawa kamar man shanu, shi zan zuba wa wannan mummunan abu? Na ce ta tambayi ƙanenta.

Alhamis, 17 ga Shawwal.

Ba ya ci. Na ba shi ɓarɓashin gurasa, da shinkafa, da ƙwanduwar ƙwai. Duk sun nutse sun ɓata ruwan. Yini yake a baje a saman ruwa, ƙafafu a warwatse, idanu kaɗai a waje, yana kallona kamar alƙali. Dutsen da na wahala na kafa masa ko sau ɗaya bai hau ba.

Litinin, 21 ga Shawwal.

Ya rame. Allah ya isa tsakanina da Dawuda.

Laraba, 23 ga Shawwal.

Ina canja ruwa aka kira ni shago, na fita ban mayar da murfin ba, abin da ban taɓa yi ba. Da na dawo na tarar da ƙuda a bakin kwalbar. Na ɗaga hannu zan kore shi, sai kwaɗon ya zabura, ƙudan ya ɓace. Ya lumshe idanu ya haɗiye.

Wato murfin nan da na yi wa ɗinki biyu shi ne yake kashe shi da yunwa. Littafin ne ya ce a rufe. Ba zan ɗora wa kaina laifin Bamisire ba.

Juma'a, 25 ga Shawwal.

Wata damuwar kuma. In na kama ƙuda da hannuna na miƙa masa, mene ne hukuncina, tunda shi ma ƙudan a Harami yake? Bayan salla na tambayi malamin da nake zama a da'irarsa. Ya sa na maimaita tambayar, ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Amsar da ya bayar ba ta gamsar da ni ba.

Na yi tawa dabarar. Na ɓare dabino na manna a bakin kwalbar daga ciki. Ƙudaje suna zuwa da kansu, ba ni na kira su ba. Abin da ya biyo baya tsakaninsu ne.

Alhamis, 2 ga Zulƙida.

Ya ƙoshi, ya sami bakin kuka. Da magariba yake farawa. Jiya da ya yi, sai na ji an amsa masa daga bayan bango, da muryar ƙaton mutum mai 'ya'ya. Rabi'atu ta yi dariya har ta ƙware, na ƙi yi mata sannu.

Yanzu a layinmu Abu Kwaɗo ake ce mini. Na san bakin da sunan ya fito.

Lahadi, 12 ga Zulƙida.

Na ga wani farin abu yana saɓulewa daga jikinsa, hankalina ya tashi, na duba babin cututtuka ban ga irinsa ba. Ashe saɓa yake yi. Ya tattara tsohuwar fatar da hannuwansa ya cusa a baki. Halitta mara kunya.

In ya ji takuna yakan juyo. Dabinon yake jira, na sani. Ban sa masa suna ba, kuma ba zan sa ba.

Talata, 21 ga Zulƙida.

Alhazai sun cika gari. Abubakar ba ya zuwa sai rana ta take, wani lokaci sai la'asar, kuma abin da yake kawowa bai kai rabin na da ba. Zafi ya tsananta. Da azahar ruwan kwalbar yakan yi ɗumi kamar shayin da ya huce. Na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, ina yayyafa masa ruwa daga rabona na wanka.

Rabi'atu ta gane. Ta ce, "Malam, kai ne yau kake fita shago ba wanka?" Na ce tsoron Allah ne ya sa. Ta ce, "To."

Ba na son wannan "to" ɗin nata.

Asabar, 2 ga Zulhajji.

Abin da nake ƙin lissafawa ya iso. Bana na ɗauki alkawarin yi wa marigayiya Inna hajji, kuma ba zan saɓa ba. Ranar takwas za mu fita Mina, ba mu dawowa sai bayan jifa. Layin nan kaf zai watse. Buhun yakan bushe tsakanin azahar da la'asar. Wa zai yayyafa?

Na yi tunanin tafiya da shi. Rabi'atu ta ce, "Za ka ɗinka masa harami ne, ko a haka zai tsaya Arfa?" Daga nan ta daina dariya, ta ce Dawuda zai fita Wadi ranar Laraba, tafiyarsa ta ƙarshe kafin salla.

Na tambayi wasu masu ganye biyu a kasuwa ko za su mayar mini da shi Wadi. Ɗaya ya zaci na taɓu. Ɗayan ya karɓa da sauri, irin saurin wanda zai zubar da kwalbar a bayan gari ya riƙe ta don tsami.

Litinin, 4 ga Zulhajji.

Ba zan ƙwanƙwasa ƙofar mutumin nan ba.

Talata, 5 ga Zulhajji.

Da azahar na same shi a kife a gefe, ƙafa ɗaya tana lilo. Na taɓa shi da tsinke bai motsa ba. Na zuba masa ruwan randa kaɗan-kaɗan, sai can ya miƙe. Sannan na tashi na yi salla.

Bayan la'asar na yi sallama a gidan Dawuda. Ya fito, ya dube ni, ya dubi sama, ya ce, "Yau ko ruwa za a yi a Makka?" Na faɗi buƙatata a tsaye, cikin kalmomin da na riga na shirya. Na jira dariyar. Bai yi ba. Ya ce in shigo tukuna, ba ya magana da mijin yayarsa a titi kamar mai tallar gawayi. Na shiga. Aka kawo shayi, na sha don kada a ce.

Ya ce zai kai kwaɗon Wadi. Na ce ban yarda da shi ba, ƙafata ƙafarsa. Ya ce, "Ka rufe shago ana saura kwana uku? Kai da ko ranar aurenka sai da ka gama wa wani wando?" Na ce wannan ba ruwansa.

Laraba, 6 ga Zulhajji.

Mun fita bayan asuba a bayan babbar motar masu ganye. Na rungume kwalbar, na mayar mata da murfin ƙyallen, yau dai ya yi amfani. Duk ramin da motar ta faɗa sai ruwa ya fantsamo mini a riga. Dawuda ya cire mayafinsa ya yi mana inuwa da shi har muka isa. Ya ce ba don ni ba, don baƙon.

A wajen gonakin akwai magudanar ruwa mai ciyawa a baki, inda suke wanke ganye. Na duba wurare da dama kafin na yarda da ɗaya. Na durƙusa na karkata kwalbar. Ya tsaya a bakinta jim kaɗan, sannan ya yi wani abu da ban taɓa sanin ya iya ba: ya ruga a kan fuskar ruwan, tsalle bayan tsalle, bai nutse ba, har ya kai wancan gefen ya shige ciyawa. Kusan wata biyu ina kallonsa safe da yamma, ban san yana da wannan ba. A kwalba ina zai yi shi?

Ko waiwaye. Butulu.

Dawuda ya ce, "Yaya Malam, wallahi ba ni na sa shi ba. Da ni ne, ai da tun ranar na faɗa, don in more dariyar." Wannan hujja ce mai ƙarfi, domin na san halinsa. Ban ce masa na karɓa ba.

A hanyar dawowa ya kwaikwayi yadda na durƙusa. Masu ganye suka yi ta dariya. Ƙura ce ta sa na rufe fuska.

Asabar, 16 ga Zulhajji.

An gama lafiya, Allah ya kai wa Inna ladan. A Muzdalifa Dawuda ya tsinto mini tsakuwar jifa, ya tambaya ko sai an dafa ta.

Gidan shiru da magariba. Rabi'atu tana son kwalbar don ta zuba gishiri, na ce ta dakata tukuna, ban gama shawara ba.

Yau Dawuda ya aiko da lalo, kyauta. Na ce ta bar shi, ni zan kwance. Na bi shi ganye-ganye, na sake bi. Babu komai a ciki.

Don tsabta na duba.

Na ce ta gaya masa ya kawo rigarsa mai yagaggen aljihu. Ba ya kyautuwa a ga surukin tela a haka.