Motar Tayil Ta Tsaya a Ƙofa Saboda Ni

Anti Hafsah, don Allah ki taimake ni kafin Juma'a.

Ranar Litinin da hantsi, a wani sito na tayil a Idu, mota ta gama lodi amma ta kasa fita, kuma ni ce sila. Bana na gama bautar ƙasa, aka ɗauke ni aikin gwaji. Ogana, Alhaji Badaruddeen, ya ce in gyara manhajar da muke fitar da takardun ciniki. Na ɗaure su a jere: takardar farashi, sai oda, sai takardar fitar da kaya, sai ta neman biya, sai rasit. Wata ba ta fita sai ta gabanta ta kammalu. Na gwada, ya yi aiki, har oga ya yaba mini.

Abin da ba wanda ya faɗa mini shi ne Alhaji Mika'ilu na Jabi, abokin cinikin oga tun suna Kano, ba ya yanke farashi kafin kaya. Waya yake bugawa, a kai masa, su daidaita bayan Azahar. Babu farashi, manhaja ta ƙi fitar da takarda. Edward mai kula da sito, wanda aka taɓa tuhuma a kan kayan da suka fita ba takarda, ya ƙi buɗe ƙofa. Alhaji Mika'ilu ya yi fushi, ya saya a wani wuri.

Oga bai yi mini faɗa ba, wannan ya fi tsorata ni. Ya ce kawai in ba Edward lambar sirrina ya riƙa tsallake matakan. Amma duk abin da aka yi da ita, sunana zai ɗauka. Juma'a za a ce in zauna ko in tafi.

Ban san ko Alhaji Mika'ilu zai dawo ba. Ban san abokan ciniki nawa ne irinsa ba. Ban san ko ƙin ba da lambar rashin kunya ne ba.

Mai Fargaba, Idu

Ƙanwata, ja numfashi. Jerenki ba laifi ba ne, Edward ma ya yi daidai. Amma ogan naki ba sakaci yake ba. Amana ce jarinsa tun kafin a haife ki, kin gina hanya ba ki tambayi masu bin ta ba.

Kada ki ba kowa lambarki. Maimakon haka, ki buɗe wa amana ƙofarta a cikin jeren: odar waya. Oga ya amince daga wayarsa da sunansa, takardar fitar da kaya ta fita ba farashi, ta neman biya ta jira sai sun daidaita farashi. Ki zauna da Edward ya faɗa miki su wa ake yi wa haka, ya fi kowa sani.

Gobe ki sami Alhaji Badaruddeen shi kaɗai, ba a gaban ma'aikata ba. Ki fara da ba shi haƙuri, ki nuna masa gyaran, sannan ki roƙi izini ki je Jabi ki gaida Alhaji Mika'ilu. Dattijo kan manta da motar da ta makara, amma ba ya manta yarinyar da ta zo har shagonsa ta durƙusa.

In duk da haka aka nace sai lambar, to gara ki tafi da sunanki a hannunki. Allah Ya tabbatar da ƙafarki, Ya sa Juma'ar ta zo da alheri.