Lamba Takwas

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024
Sikirif ɗina, ɗan umarnin da na rubuta wa kwamfuta, ya yi aiki. Layi ashirin da uku a yaren kwamfuta na bash: ya kwaso lambobin wayar makiyayan ƙungiyarmu daga fayil, ya tura wa kowa ranar allurar ciwon huhu na shanu. Aikin da ke cin mini kwana uku, yau kafin shayina ya huce an gama. Na ji daɗi, ba ƙarya.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Mukhtari, mai kula da laburaren sikirif da duk ofisoshinmu ke ɗaukar kayan aiki a ciki, ya nemi ɓangaren da ke tace lambobi. Ƙa'idar da na sa masa: duk lambar da alƙalumanta ba su cika sha ɗaya irin na Najeriya ba, shara ce, a zubar. Ya ce a bari wani ya duba tukuna. A duba me? Na saka abina a laburaren.

Asabar, 16 ga Nuwamba
An yi allura a Kalmalo. Mutanen Ardo Jabiru na wajen Lafani ba su zo ba. Na ce a ofis dama su ba sa karanta saƙo.

Lahadi, 8 ga Disamba
Na haɗu da Ardo a kara, kasuwar shanu. Ciwon ya shiga garkensa, shanu huɗu sun faɗi. Na tambaye shi me ya hana su zuwa.
"Zuwa ina, ɗiyata? Mi anka aiko? Ba mu ga komi ba."
Ya miƙo mini wayarsa. Layin Nijar. Can rugarsu sabis ɗin Ƙonni kaɗai ke kamawa. Lambar Nijar alƙaluma takwas ce. A nan aka haife ni, na san haka tun ban san kwamfuta ba.

Litinin, 9 ga Disamba
Na ƙirga lambobin da sikirif ɗin ya zubar. Sittin da ɗaya. Kuma ofisoshi biyu sun riga sun ɗauka daga laburaren. Na kira Mukhtari na faɗa masa komai. Gyaran layi biyu ne. Biyu kacal. Kunya ta hana ni cin abinci.

Alhamis, 12 ga Disamba
An sa sabuwar ranar allura. Sikirif ya tura, rahoto ya ce kowa ya samu, har 'yan takwas ɗin.
Duk da haka na hau kabu-kabu zuwa Lafani, in faɗa musu da bakina. Na ce wa 'yan ofis albasa zan sayo.