Inna Ta Ƙi Komawa Gida

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin maigidan?

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Asibitin Gwagwalada sun sallami Inna, amma ta ce ba inda za ta sai an sako wani direba da aka ɗaure bisa ƙazafi a fim ɗin da muke kallo. Na ce, "Inna, wasa ne fa." Ta ce, "Wasa? Ba ki ga yadda ya rame ba?"

Kullum sai Baba ya bugo waya, na rasa me zan ce masa. Yau da asuba sai da ta gama yi wa direban addu'a sannan ta ambaci sunana.

A gaida kowa. Ki taya mu addu'a a sako bawan Allahn nan, ko Baba ya samu matarsa.

Ƙanwarki,
Rabi