Fuskar da Malam Ishaq Bai Koya Mana Ba

Talata, 1 ga Oktoba, 2024

Tun ina saurayi nake jin wai Malam Ishaq na Bakura, wanda ya koya mana zane, yana zana fuskokin mutane a ɓoye, har wai ya cika littafi guda da su. Ban taɓa yarda ba. Mutumin da ko zakara ka zana sai ya sa ka ja masa layi a wuya, don kada a ce ka yi abu mai rai? Shekara huɗu na yi a gabansa, ba mu taɓa haye wuyan mutum ba.

Abin da ya tuno mini: da hantsi na zauna in tuna fuskar Turai. Na ga kallabinta, na ga hannunta a bakin tukunya, tsakiya babu komai. Shekara biyu kacal da rasuwarta, matar da muka yi arba'in da shida tare. Hotonta ɗaya ne, na katin zaɓe, shi ma ruwan da ya shiga ɗaki bara ya cinye shi.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ranar ajin zane. Na share zaure, na shimfiɗa tabarmi uku, na fere fensir bakwai. Umar mahauci kaɗai ya zo, shi ma a tsaye. Wai yanzu a waya yake koyo, wani yana zana fuska cikin minti goma. Na ce a nuna mini. Na gani, siffar ƙwai ce ake zanawa a yi mata ido. "Baba, ai wannan ƙa'ida ce, kowa haka fuskarsa take." Na ce to shi ya sa duk wanda ka zana yake kama da ƙanen wanda ka zana jiya. Ya yi dariya, ya tafi mahauta.

Na naɗe tabarmi.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na gwada ƙwan. Wata mata ta fito, ban san ta ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Bari in rubuta yadda aka koya mana, tunda ba wanda zai tambaya.

Bayan la'asar ne, a gindin wata tsamiya. Ba 'yan makaranta ba ne mu: maɗinka masu neman zanen wuyan riga, magina biyu, wani mai sayar da kwanuka da ba wanda ya san me ya kawo shi. Wata shida a ƙasa kake zane, da tsinke. In ka gama, Malam ya duba, ya share da ƙafarsa, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Sai ka daina jin haushin sharewar kafin a ba ka gawayi da bangon bayan gida. Takarda kuwa sai shekara ta biyu, ita ma ta buhun siminti. Tulu, ƙwarya, giginya, sannan sa. A sa ake ƙarewa.

Ni ma haka na koyar a nan Mafara shekara talatin, sai dai na rage sharewa, gwiwa ba ta so.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na je Bakura. An sare tsamiyar, shagon cajin waya ne a wurin. Na sami Abdulhamid, autan Malam, shi ma furfura ta gama da shi. Mun daɗe muna gaisawa kafin in shigo da maganar littafi. Ya ce shi ya raba kayan mamaci, daga Alƙur'ani da butar ƙarfe sai takardun shanu. Fuska ko ɗaya.

Amma ya tuna mini abin da na sani na manta. In saniya ta ɓata, makiyaya kan zo su siffanta ta, Malam ya zana, a zaga kasuwanni da takardar. Kuma ba ya zana da bakin mutum ɗaya. "Baba kan ce mai saniya ba ya ganin saniyarsa, sonta yake gani. Sai ya ƙara mata ƙaho, ya cika mata tozo. Dole a kawo na biyu, wanda ya san ta amma ba ta rufe masa ido ba."

A mota na yi ta juya wannan magana har Mafara.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ba wanda ya yi sallama yau.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Jiya na je Kaya, wurin Gimbiya ƙanwar Turai. Kowa ya ce hanyar Maradun ba ta tsoho ba ce a wannan zamani. Na ce wa zai ɗauki abin da ba mai fansarsa.

Tana gani na ta ce, "Mijin yaya, mi ya kawo ka? In aure ne ka makara, haƙorana sun riga ka tafiya." Na ce shaida na zo nema. Da na yi bayani ta jawo kujera.

Na fara da goshi, na ce mai faɗi. Ta ce ƙarya. Na ce hanci miƙaƙƙe. "Wane miƙaƙƙe? Hancin babanmu ne, ya karkata hagu, da shi muke tsokanarta." Na rantse ban taɓa gani ba. Ta ce ai shi ya sa ka zauna da ita. Ita ta tuna da tabon ƙuna a haɓa. Ni na tuna yadda gira ɗaya ke tashi in ina ba da labarin da ta riga ta ji sau goma, wannan Gimbiya ba ta sani ba. Takarda biyar muka ɓata.

A ta shida Gimbiya ta daina gardama. Ta ja bakin zanenta ta rufe baki. Hannuna kuwa, don sabo, ya nufi wuya da fensir, sai ta riƙe shi. "Kul. Kada ka yanka mini yaya."

Na tambaye ta littafin Malam Ishaq. Ta ce ba ta taɓa ji ba.

Laraba, 23 ga Oktoba

Takardar tana jikin bango, inda hasken safe ke faɗawa. Kunnen bai yi ba. Zan koma Kaya bayan girbi, don kunnen kawai. Na aika wa Umar ya zo Asabar da wanda ya san marigayiya mahaifiyarsa, mu zana ta, in yana so.

Littafin Malam, ina ga babu shi. Na zauna ina lissafin waɗanda suka taɓa gaya mini: mai kwanuka ne na farko, sai wani direba a tasha, sai magini Ɗan Juma. Akwai ɗaya da nake ta tsallakewa tun ranar da na buɗe wannan shafi. Tana kwance, saura mako guda ta rasu, ina zana tulun da ke bayan ƙofa don hannu ya sami abin yi. Ta ce, "Malam, an ce fa malaminku yana zana mutane." Ban ko ɗago kai ba, na ce zancen kasuwa ne, na ci gaba da tuluna.

Turai ce ta ƙarshe da ta gaya mini.