Dodannin Baba da Takardun Gida

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a aikinka, ya kare ka a inda ba ka da kowa sai Shi. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Baba ta yi sauƙi, har yana zuwa masallaci ba sanda. Gwaggo ta dawo daga asibiti, baki ya buɗe, faɗa ya dawo, ka ga kuwa ta warke. Ni ma ɗinki yana tafiya daidai gwargwado.

Na'urar wasan gem ɗin da ka aiko wa Baba don ta ɗebe masa kewa ta yi aikinta har ta wuce gona da iri. Da farko dariya na yi ta yi. Mutumin da ya shekara arba'in yana gina wa mutane gidaje, yau ga shi gaban talabijin ya zama ƙaton ƙadangaren nan da aka ce ya sha gubar masana'anta ya fi bene ashirin tsawo, yana tattake gari, motoci na tarwatsewa. Kuma ko a rusau ɗin ma magini ne. Ba ya dukan gini ta sama kamar yadda kowa ke yi. Sai ya zagaya shi, ya nemo ginshiƙin kusurwa, ya kai masa duka ɗaya da jela, bene ya durƙushe. In ya faɗi kuma ya yi tsaki, wai wanda ya zana garin bai san yadda ake zuba harsashi ba.

Dariyar ta tsaya mini ne ranar da Dillali ya fara zuwa. Ka san shi, mai ofis ɗin sayar da filaye a bakin titinmu, wanda shekara goma muna layi ɗaya bai taɓa leƙowa ya yi mana sannu ba, ko rasuwar Inna ma a hanya ya yi mini gaisuwa. Yanzu duk Lahadi bayan la'asar yana falonmu, ya cire takalmi, ya zaɓi dodon ɓera mai kai biyu. Ni ban iya wasan ba, amma ina da ido. Yatsunsa sun fi na Baba sauri sau goma, amma kullum Baba ne ke cin sa, shi kuma yana ta tafi yana yaba gwaninta. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi.

Sai kuma na lura ba su biyu ba ne. Akwai dodo na uku, wata ƙaguwa mai ƙaya, wadda Baba ya ce mini kai ne kake juya ta daga can. Na ji daɗi da farko, na ce ɗa da uba sun samu abin da zai riƙa haɗa su. To amma me ya sa in na shigo da shayi sai Baba ya zare abin da yake magana da kai da shi daga kunnensa, Dillali kuma ya ƙure ƙarar talabijin? Rannan daga bayan labule na ji Baba yana gaya maka faɗin filin gidanmu da tsawonsa, ƙafa da ƙafa. Washegari na same shi a bayan ɗakina da igiyar awonsa. Na tambaye shi, ya ce motsa jiki yake yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. A gefen garin wasan akwai wani ɗan gida mai jan kwano da bishiya a ƙofa. Tun ranar farko Baba bai taɓa taka shi ba. Ƙadangarensa kan yi kwana ya kauce masa, ko da zai rasa maki, yana cewa ya yi kama da namu, kuma ba a rushe gida da mutane a ciki. Lahadin da ta wuce ina tsaye a bayansa ya zagaya ɗan gidan sau biyu, sannan ya kai masa duka a kusurwa. Dillali bai yi tafi ba wannan karon, hannu ya miƙa masa suka gaisa. Baba bai ci abinci ba ranar, ni ma ban ci ba.

Na san zato zunubi ne, kuma in na zarge ka a banza ka yafe wa yayarka. Amma tsoro nake ji, Auta, kuma raina ya ɓaci. Gidaje uku a layinmu katafila ta riga ta share su, ana kafa shaguna. Tun da mijina ya rasu, ɗakin nan da keken ɗinkina su ne duniyata. In kun yanke shawarar a sayar ka ɗauke Baba ya koma wurinka, wataƙila kuna da hujja, amma ni ba kujerar falo ba ce da za a yi cinikin gida da ita a ciki.

Don haka gara ka ji daga bakina. Jiya na buɗe akwatin kayan aikin Baba na ɗauke takardun gidan, na kai su inda ni kaɗai na sani. Bai gane ba tukuna. In ya tambaya ba zan yi masa ƙarya ba, amma ba zan miƙa wa kowa su ba sai ka zo da ƙafarka, mun zauna mu uku, an kashe talabijin, ka dube ni ka gaya mini inda kuka shirya zan kwana.

Ka gaishe mini da Amarya, ka shafa mini kan Takwara. Gwaggo da Kawu Direba suna gaishe ka. Baba ban ce masa ina rubuto maka ba, shi ya sa ba ka ga gaisuwarsa ba.

Wassalam. Mai jiran amsarka kafin Lahadi,
Yayarka.